Shayi Mai Ƴaƴa a Ƙofar Baya

Abin da na fara rasawa a ƙasar Sin fasfo ɗina ne, kuma ba Shinuwa suka karɓe shi ba, mutumin garinmu ne. Muna fitowa daga filin jirgin Gwanzu, tun ban gama kallon gadojin da suka hau kan juna ba, Alhaji Gambo ya miƙo hannu daga kujerar gaba ya ce, "Kawo takardarka in aje maka. Ɓarayin nan sun fi na kasuwar Tasawa ido." Na ba shi da hannu biyu, har da godiya.

Sunana Sanusi. A Kanan-Bakashe aka haife ni, a Tasawa na koyi gyaran babur a wani garaji na bakin kwalta. Alhaji Gambo ɗan kasuwa ne mai shigo da babura da kayan gyaransu. Shi ya ce zai sa ni a inda ake haɗa su in koyi aikin tun daga tushe, in na dawo in riƙe mashi garaji a Maraɗi. A shekarar nan damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Da na kai wa babana maganar, bai tambayi nisan ƙasar ba. Cewa ya yi, "Tahi. Ko ba komai, baki ɗaya ya ragu a kan akushi."

Zangona na farko wani ɗaki ne a saman bene, cikin lungun da rana ba ta shiga. Mun fi ƙarfin ɗakin, sai dai a yi kwana na karɓa-karɓa. Akwai ƴan Mali, akwai ƴan Gine, duk masu ɗaukar kaya. Ɗaya ne kawai ya amsa mani sallama da Hausar gida: wani dattijo dogo, siriri, da rawani ya rufe rabin fuska. Sunansa Almu, Buzun Issawane. Raƙumansa sun ƙare a wani fari na baya, ya koma ɗaurin kaya a kan kamiyo, manyan motocin kaya, a Tasawa, daga can Alhaji ya kawo shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ma koyon aiki aka ce maka?"

"E, Baba."

"Ni gadi aka ce mani. A zaune, wai, da fanka." Ya matsa gefe a kan tabarmar. "Zauna, ɗana. Takardarka tana hannunshi?"

Na ce e. Ya ci gaba da fifita gawayin shayinsa a bakin taga.

Zango na biyu mangaza ce, wani ƙaton ɗakin ajiya a bayan kasuwa. Masana'antar babura ban taɓa ganin ko ƙofarta ba. Kwali muke ɗauka daga safe, mu tura a kura, mu cusa a kwantena har sai ba inda allura za ta shiga. In na tambayi Alhaji yaushe zan fara koyo, sai ya ce gobe. Ranar da na matsa, ya aje talho ɗinsa, wayar da ba ta barin kunnensa, ya yi murmushi.

"To ba koyon kake ba? Haƙuri ake fara koya, yaro. Ƴan uwanka suna can suna tonon gidan tururuwa neman hatsi, kai kana cin shinkafa, har ka samu bakin tambaya?"

Bizata ta mutu a cikin akwatinsa. Daga ranar na zama ɓera. In na hango polis sai in bi wani lungu, in na ji jiniya sai in laɓe. Alhaji kuwa yana zuwa gida yana dawowa, kowane zuwa da sabuwar shadda.

Garin kansa bai so mu ba, kuma bai ɓoye ba. A bas, kujerar da ke kusa da ni takan zauna babu kowa ko da mutane na tsaye suna rataye da ƙarfe. Wata mata ta toshe hanci da gyale tana kallona ido cikin ido. Wani yaro ya shafa hannuna ya duba yatsansa ya ga ko baƙin ya fita, uwarsa ta fizge shi ta goge mashi hannu kamar ya taɓa kashi. Taksi ya rage gudu, ya ga fuskata, ya ƙara wuta. Kalmar farko da na koya a harshensu ita ce "meyo", wato babu. Kana ganin abu a kan kanta da idonka, mai shago ya kaɗa hannu ya ce meyo. Ni ma na tsane su, ba zan ɓoye ba. Na tsani ƙarar maganarsu, na tsani warin miyarsu, na tsani yadda suke tofar da yawu a gabana. Abincinsu ban yarda da shi ba don tsoron alade, sai farar shinkafa da albasa da ɗan gwangwanin kifi. Har mafarkin fura nake yi, in farka ina taunar iska.

Muna cikin haka labari ya zo cewa sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Alhaji ya samu sabuwar waƙa. "Ƙasa ba ta zauna ba, wa zai sabunta maka takarda yanzu? Ku jira." Da na samu babana a talho, muryarsa ta yi ƙasa kamar daga rijiya. Ya ce mata sun koma dafa ƴaƴan anza masu ɗaci da ganyen jiga na daji, wanda ya samu garin rogo ya jiƙa da ruwa shi ne mai sa'a. Almu kuwa matarsa ta aiko cewa awakin da ya bar mata suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sai zafinsu ya shigo. Ba irin namu ba ne mai ƙona fata ya bar ka. Wannan kamar an kife ka da tukunyar dambu. Wata rana da azahar ina tura kura cike da kwalaye, ban sa komai a ciki ba tun safe, sai na ga titi yana juyawa. Na shiga shago in sayi ruwa, meyo. Na shiga na gaba, meyo, ga robobin ruwan a jere cikin firji. Na fito, na zube a bakin wani ɗan shago mai fentin ruwan hoda.

Wata mata gajera mai furfura ta fito tana faɗa. Korata take yi, na tare mata ƙofa. Na yi yunƙurin tashi na koma. Ta tsaya ta dube ni, ta yi tsaki irin nasu, ta shige. Da ta dawo tana riƙe da kofin roba mai sanyi, an like bakinsa da leda. Ta ɗauki wani bututu mai kauri kamar karan dawa ta caka, ta dangwara mani a hannu.

Na zuƙa. Sanyi ya ratsa ni har ƙeya. Madara ce da shayi da sukari. Na sake zuƙa da ƙarfi, sai wani abu mai santsi ya faɗo mani a maƙogwaro. Na ƙware, na tofar. Ƴan ƙwallaye ne baƙaƙe, wallahi kamar kashin awaki. Na ɗaga kofin, ga su nan kwance a ƙasa da yawa. Matar ta fashe da dariya har na ga haƙorinta na ƙarfe.

Ni ban yi dariya ba. Na danna hancina sama na yi kukan alade, na nuna kofin. Ta gane. Ranta ya ɓaci, ta shiga ta jawo wani buhun leda ta tura mani a fuska. A jikinsa akwai hoton saiwa doguwa mai baƙin ɓawo da farin ciki.

Rogo. Rogon da na sani.

Na mai da bututun baki, wannan karon a hankali. Na bar ƙwallo ɗaya ya hau harshe, na tauna. Yana da danƙo, yana da ɗan zaƙi kamar an dafa shi da mazarƙwaila, ba ya fashewa, sai ya yi ta wasa da haƙori. Bayansa madarar ta biyo, ɗacin shayin yana can ƙasa. Ya tuna mani da gayan furar da bai gama damuwa ba, wanda muke faɗa a kai da ƙannena a gindin ƙwarya. Tun da na baro gida ban tauna abu a cikin madara ba. Na shanye tas, na bi sauran ƴaƴan da bututu ɗaya-ɗaya, ina zaune a ƙasa kamar mahaukaci. Na miƙa mata kuɗi, ta karɓa, ta nuna kofin ta faɗa mani sunan abin, "Naica." Na ji yaran lakwal, ƴan makarantar da ke sayayya, suna kiranta Ayi. Na ɗauka A'i ce irin tamu. Daga baya na ji ashe haka suke kiran duk macen da ta kai inna.

Na koma bayan kwana biyu, da wankakkiyar riga. Na saya, na zauna a kujerar shagon kamar kowa. Ƴan matan da ke teburin gefe suka kwashi jakunkunansu suka fita. Mijin A'i, wani busasshe mai taba a leɓe, ya fito yana ihu. Ina miƙewa ya ɗauko bokiti ya watsa wa kujerar ruwa, ya hau goge ta a gabana. A'i ta ci gaba da haɗa shayinta. Sai da na kai bakin titi ta biyo ni, ta ja hannun rigata, ta nuna mani wani lungu ta gefen shagon. A ƙarshensa akwai ƙofar baya, kusa da kwandunan shara da kwata.

Na yi rantsuwa ba zan je ba. Ni ɗan mutane, in sha abu a tsaye cikin ɓeraye, da kuɗina? Kwana kaɗan rantsuwar ta yi. Na je, na ƙwanƙwasa, ta miƙo. Kada wani ya ce mani waliyiya ce. Ba ta taɓa buɗe mani ƙofar gaba ba, kuma takan leƙa hagu da dama kafin ta ba ni. Amma takan cika mani ƴaƴan fiye da na kowa, ta koyi sunana tana cewa "Sanu-shi", kuma ita kaɗai ce a garin nan hannunta ke taɓa nawa ba ta goge ba. Na gwada mai ɗanɗanon mangwaro, na gwada wani mai launin toka da ban san ko na mene ne ba, na dawo kan na farko. A lungun nan mai wari nake samun ɗan lokacin da ba na jin tsoro.

Wata rana na kai wa Almu. Ya juya kofin a hannu kamar an ba shi mushe.

"Mene ne wanga?"

"Shayi ne, Baba. Mai ƴaƴa."

"Shayi?" Ya sauke rawani daga baki don in ga ɓacin ransa sosai. "Shayi da ƙanƙara? Ba wuta, ba kumfa, ba zama, ba hira? A tsotsa da kara kamar jinjiri? Ɗana, garin ga ya fara cin hankalinka."

"Ƴaƴan na rogo ne."

Ya ɗaga kofin wajen taga yana kallonsu. "A gida ana jiƙa shi don kar a mutu," in ji shi, "nan ana sha don marmari." Ya miƙo mani abina. Bai taɓa ba.

Zango na gaba shi ne ciwon Almu. Tari ya fara, sai ƙafafu suka kumbura, sai ya kasa ɗaga kwali. Na sami Alhaji a mangaza yana cin kaza.

"Alhaji, Baba Almu ba lafiya. A ba mu takardarshi mu kai shi likita."

"Takardar da ta mutu? Ka kai shi, su kira polis, polis su rufe mani mangaza? Ka san abin da ke cikin mangazar nan?"

"Na san abin da ke cikin ɗakin can. Mutum ne."

Ya goge hannu, ya jawo ƙwayoyin ciwon kai daga aljihu ya jefo mani. "Buzu ne, ƙashinshi da ƙwari. Kai kuma ka iya bakinka. Ni na ɗauko ka daga cikin baƙin mai."

Na so in shaƙe shi. Na duƙa na tsinci ƙwayoyin daga ƙasa, don ba ni da wani abin da zan kai.

Almu ya daina cin shinkafa. Ko ya haɗiya sai ta dawo. Shayinsa na gawayi ma ya gagare shi, yana ƙona mashi ciki. Leɓɓansa suka tsage. Na rasa dabara, na tafi ƙofar baya. Na yi wa A'i kwatance da hannu: gemu, rawani, tari, kwanciya. Ta shiga, na ji tana daka wani abu. Kofin da ta miƙo da ɗumi, ba ƙanƙara, yana ƙamshin citta, ƴaƴan ta dafa su sun yi laushi sosai. Na ba ta kuɗi, ta ture hannuna tana faɗa kamar na zage ta.

Na tallafo kan Almu na sa mashi bututun. Ya kau da kai. Na ce, "Baba, don Allah." Ya zuƙa kaɗan. Muka jira ya dawo, bai dawo ba. Ya sake zuƙa. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi, yana tauna. Da ya kai rabi ya buɗe ido.

"Wanga abu ba shayi ba ne," ya ce. "Kar ka je gida ka ce na ce shayi ne." Ya numfasa. "Gobe ka ƙaro."

Kullum ina ƙarowa. Shi ne abincinsa, shi ne ruwansa, har ranar da ya cika. Da hantsi ne, ina riƙe da hannunsa, ya yi kalmar shahada da kansa.

Kafin in gama rufe mashi ido ɗakin ya watse, kowa ya kwashi jakarsa, don gawa polis take jawowa. Ban ga laifinsu ba. Na kira Alhaji, talho a kashe. Da azahar wani ya turo leda ta ƙarƙashin ƙofa ya gudu. Fasfo biyu ne a ciki, nawa da na Almu. Mangaza an garƙame ta, mai ita ya bar gari.

Ban san wanda ake kira ba, ban san yadda ake faɗa ba. Na sauka na nufi shagon A'i, na shiga ta ƙofar gaba, cikin mutane. Mijin ya taso da ihu, ban ko dube shi ba. Na tsaya gabanta, na shafa gemu, na rufe idona da yatsu. Ta aje kofin da take girgizawa. Ta kwance ƙyallen aikinta, ta ce wa mijin wata kalma ɗaya da ta sa ya yi shiru, ta biyo ni har saman benen. A bakin ƙofa ta tsaya, ta sunkuyar da kai ga gawar, sannan ta ciro talho ta kira.

Da polis suka zo, suka ɗauki Almu a mota ɗaya, ni suka sa mani ankwa suka nufi wata da ni. A'i ta ɓace, na ce shi ke nan. Ana tura ni ciki sai ga ta da gudu, da kofi a hannu. Ɗan sandan ya tare ta. Ta hau shi da faɗa, muryarta har ƙarshen lungu, mutane suka taru, ya gaji ya kau da kai. Ta caka bututun da kanta ta sa mani tsakanin hannuwana biyu. Mai sanyi ne, ƴaƴan har rabin kofi. Na sha a bayan motar polis, ina tauna ina hawaye, kuma wallahi ya yi daɗi. Ban sake ganinta ba.

Zangon ƙarshe ɗakin tsaro ne, ba abin da zan faɗa a kansa sai dai an daɗe. Wani tafinta ya ce mani Musulman garin sun yi wa Almu sutura. Ban ga kabarin ba. Wasu ƴan kasuwar ƙasarmu suka yi karo-karo aka sa ni a jirgi.

A Tasawa na tarar Alhaji ya riga ni da labari. Wai Almu ya rasu a babban gidan likita, a kan gado mai laushi, shi kuma yana tsaye a kansa. Har ya aika wa iyalin buhun gero, ana ta sa mashi albarka. Na faɗi gaskiya a garaji, na faɗa a tasha. Aka ce mani, "Kai Sanusi, a shekarar yunwa ba a faɗa da mai rumbu." Har yau yana sahun gaba a masallaci. Har yau in ya miƙo hannu nawa yana aljihu.

Ranar kasuwa na hau motar Issawane. Gefen hanya duk ƙasusuwan shanu ne, fari fat. Aka nuna mani bukkar matar Almu, Inna Tamu, wata doguwa da ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Buhun geron yana jingine a ciki, an ci rabi. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na fara ba ta labari. Ta ɗaga hannu.

"Na san ƙarya ne, ɗana. Mai gaskiya da ƙafarshi yake zuwa, ba ya aiko buhu. Amma ɗiya suna cin geron." Ta gyara mayafi. "Abu ɗaya nake so in ji. Dabbobinmu duk da baki buɗe suka mutu. Shi fa? Da ƙishirwa ya tahi?"

"A'a, Inna. Ya sha. Har ranar ƙarshe yana sha, da ɗumi, da madara."

"Wa ya ba shi?"

"Wata mata ce mai shago. A'i muke ce mata."

"Musulma ce?"

"A'a, Inna."

Ta ja yatsa a cikin rairayi.

"To," ta ce. "Allah ya san gidanta."

Sannan ta kira ƴarta ta ce a kawo wa baƙo ruwa.